Waiwaye: Sara Takanashi da bashin da ba ta ci ba

Ranar 7 ga Fabrairu, 2022, a wani tudu da ke Zhangjiakou, arewa maso yammacin birnin Beijin na ƙasar Sin, wata 'yar Japan mai shekara 25 ta sulalo daga ƙololuwar gangara, ta tashi cikin iska, ta dira a mita 103. Tsalle ne da ya sa 'yan ƙasarta suka fara ƙanshin lambar yabo. Ba a jima ba sanarwa ta fito cewa an soke shi. Masu awo sun ɗora tef a jikinta, sun ce rigar tsallenta ta wuce ƙa'ida da santimita biyu a wajen cinya. Mai karatu, ka dubi babban yatsanka, kusan faɗinsa ke nan. Sunan wannan baiwar Allah Sara Takanashi, kuma a ranar da aka yi mata wannan awo babu mahaluki, mace ko namiji, da ya taɓa cin gasannin Kofin Duniya na wannan wasa yawan waɗanda ta ci.

Na san da yawanmu ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin, sanyin da muka sani shi ne na hunturu, wanda ke fasa leɓe da kaushi. Don haka bari in ɗan faɗi yadda wasan yake. Ana gina doguwar gangara a jikin dutse. Mai tsalle yakan ɗaura wasu dogayen allunan zamiya guda biyu a ƙafafunsa, kowanne ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ya zauna a kan wani ƙarfe can sama yana jiran mai horar da shi ya kaɗa tuta. Da ya saki ƙarfen sai ya durƙusa, hannuwa a baya, ya gangaro da gudun da kan kai kusan kilomita 90 a awa. A bakin gangarar yake miƙewa da ƙarfi, ya kwanta a kan iska, ya buɗe kawunan allunan nan su yi kamar bakin almakashi, salon da wani ɗan Suwidin, Jan Boklöv, ya yayata a shekarun 1980. Zamansa a sama 'yan daƙiƙu ne. Sannan ya dira, kuma dirar ma da ladabinta: ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannuwa a buɗe. Ana kiran wannan dira Telemark, sunan wani yanki ne a Norway. Ana ba da maki kan nisa, alƙalai biyar kuma su ba da maki kan kyan tashi da dira, a jefar da mafi yawa da mafi ƙaranci, a tara sauran ukun. Akwai ƙari ko ragi gwargwadon iska, domin wadda ke bugowa daga gaba ɗaga mutum take yi, wadda ke zuwa ta baya kuwa danne shi take yi ƙasa.

A nan riga ta shigo. Duk wanda ya taɓa hawa babur da babbar riga ya san abin da iska ke yi da yadi mai yalwa. Rigar tsalle in ta yi faɗi ta zama fiffike, tana ƙara wa mai ita mitoci. Shi ya sa hukumar wasan ta duniya, FIS, ta ƙayyade tazarar da za a bari tsakanin fata da yadi, ta kuma ɗaure tsawon allunan da tsayin mutum da nauyinsa. Kowace ƙasa tana ɗinka rigunanta dab da iyakar doka, domin wanda ya bar sarari a ƙasa da iyaka ya yi kyautar mitoci ga abokan hamayya. Telolin wannan wasa da masu horarwa su ne ke auna wannan kasada.

Kafin in koma kan Sara, akwai waɗanda suka share mata hanya, kuma rashin adalci ne a tsallake su. Maza suna wannan tsalle a gasar Olamfik ta lokacin sanyi tun ta farko, wadda aka yi a Chamonix ta Faransa a 1924. Mata kuwa an bar su a waje shekara casa'in. A 2005 shugaban FIS na lokacin, Gian Franco Kasper, ya faɗa a wata hira cewa a likitance wasan bai dace da mata ba. A 2006 kwamitin Olamfik na duniya ya ƙi sa su a gasar Vancouver ta 2010, da hujjar cewa ba su da yawa kuma ƙasashensu kaɗan ne. Abin dariyar shi ne, kafin a fara waccan gasa, wanda ya fi kowa nisan tsalle a ƙaramin tudun da aka gina dominta mace ce, Ba'amurkiya Lindsey Van, da mita 105.5. Ita ce kuma ta zama zakarar duniya ta farko a ɓangaren mata, a Liberec, a 2009. Ita da wasu mata, su goma sha biyar, suka kai masu shirya gasar Vancouver kotu a Kanada. Kotu ta yarda cewa an nuna musu bambanci, amma ta ce hukuncin na kwamitin Olamfik ne, shi kuma dokar Kanada ba ta hau kansa ba. Sun fito da gaskiya a hannu, babu wurin kai ta. Sai a Afrilun 2011 kwamitin ya sakko, ya ce a Sochi a 2014 za a buɗe musu ƙofa.

A daidai wannan lokaci ne wata yarinya ke tasowa a Kamikawa, wani ƙaramin gari a tsakiyar tsibirin Hokkaido, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni. An haifi Sara ranar 8 ga Oktoba, 1996. Mahaifinta ya yi tsalle, yayanta namiji ma yana yi, ita kuma ta fara tun tana firamare. Tana shekara 14 ta yi mita 141 a babban tudun Okurayama da ke Sapporo, nisan da manyan maza kan yi alfahari da shi. Tsayinta bai wuce santimita 152 ba. Masana wasan sun daɗe suna cewa sirrinta yana bakin gangara: ba ta ɓata lokaci tsakanin miƙewa da kwanciya a kan iska, don haka gudun da ta taho da shi ba ya zubewa.

An fara Kofin Duniya na mata a Disambar 2011 a Lillehammer. Kada sunan ya ruɗe mu, wannan ba irin na ƙwallon ƙafa ba ne da ake yi sau ɗaya a shekara huɗu. Jerin gasanni ne a garuruwa daban-daban duk lokacin sanyi, kowace gasa da wanda ya ci ta, a ƙarshen kaka kuma a tara maki a ba wanda ya fi kowa kofin lu'ulu'u. Sara ta ci gasarta ta farko a Maris na 2012 a Zao, a gida, tana shekara 15. Kakar da ta biyo baya ta ɗauki kofin gaba ɗaya tana shekara 16. A wannan shekara ta 2013, a garin Predazzo na Italiya, ta samu azurfa a gasar zakarun duniya, bayan Ba'amurkiya Sarah Hendrickson, ta kuma ci zinare tare da 'yan ƙasarta a gasar haɗaka ta maza biyu da mata biyu.

Haka aka tunkari Sochi. A cikin gasanni 13 da aka yi a waccan kaka kafin Olamfik, ta ci 10. Hendrickson, wadda ita ce za ta iya ja da ita, ta ji mummunan rauni a gwiwa watanni kaɗan kafin nan, da ƙyar ta farfaɗo ta halarta. Jaridun Japan sun riga sun rataya wa Sara zinare tun ba ta hau jirgi ba. Daren 11 ga Fabrairu, 2014, mata talatin suka hau tudun, karo na farko a tarihin Olamfik. Iska ta zo wa Sara ta baya, dirarta ba ta fita yadda alƙalai ke so ba, ta ƙare ta huɗu. Zinaren ya tafi hannun Bajamushiya Carina Vogt, wadda a lokacin ko gasa ɗaya ta Kofin Duniya ba ta taɓa ci ba. Daniela Iraschko-Stolz ta Ostiriya ta zo ta biyu, Coline Mattel ta Faransa ta uku. Yarinya mai shekara 17 ta tsaya gaban kyamarori idanunta jawur, tana bayanin yadda ta kasa saka wa waɗanda suka tallafa mata.

Wannan wuri ne nake so mu ɗan tsaya. A Sochi maza suna da gasa uku: ƙaramin tudu, babban tudu, da ta ƙungiya. Wanda iska ta ci amanarsa yau, yana da jibi. Mata kuwa gasa ɗaya tak aka ba su, tsalle biyu. In ka haɗa zamanta a sama a waɗannan tsalle biyu, bai kai lokacin da kake ɗauka wajen ɗaure igiyar takalmi ba. A kan wannan aka auna aikin shekaru. Mun san irin wannan awo a gida. Yaro ya yi shekara shida yana ɗaukar na ɗaya a aji, ranar jarrabawar shiga jami'a zazzaɓi ya rufe shi ko kwamfuta ta ɗauke, daga nan dangi su fara yi masa kallon wanda dama can ba shi da ƙoƙari. Sara ta koma fagen Kofin Duniya bayan Sochi ta ci gaba da ci, ta rufe kakar da nasara 15 cikin gasa 18. Amma tambayar da 'yan jarida suka riƙa yi mata ba ta canja ba: yaushe zinaren Olamfik?

Shekaru huɗu na gaba ta cika su da abin da ya isa a kira shi tarihi. A kakar 2015 zuwa 2016 ta ci gasa 14 cikin 17. Ta ɗauki kofin kaka sau huɗu gaba ɗaya, a 2013, 2014, 2016 da 2017. A Fabrairun 2017 ta kai nasara ta 53, ta kamo Gregor Schlierenzauer na Ostiriya, wanda shi ne kan gaba a maza. Daga nan sai abin ya tsaya cak fiye da shekara guda. Sauran mata sun taso, musamman Maren Lundby ta Norway da Katharina Althaus ta Jamus, masu ƙarfin cinya, ƙasashensu kuma sun fara zuba kuɗi da masu horarwa a ɓangaren mata. A Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, a 2018, Lundby ta ci zinare, Althaus azurfa, Sara tagulla. Ta sauko tana kuka, abokiyar wasanta Yuki Ito ta rungume ta. Abin da ya ba ni mamaki a lokacin shi ne wannan tagulla, da ta zo a kakar da har zuwa lokacin Sara ba ta ci gasa ko ɗaya ba, ta fi faranta wa jama'a rai fiye da nasarori hamsin da ukun da suka gabace ta. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka, a Oberstdorf ta Jamus, ta ci ta 54, ta wuce kowa.

Ko a nan ba ta tsira daga baki ba. Da ta girma ta fara kwalliya, kamar kowace budurwa, wasu 'yan ƙasarta suka bi ta a intanet da cewa jan-baki da gazal ne suka ɗauke mata hankali daga atisaye. Ban taɓa jin an tambayi wani ɗan wasa namiji lokacin da yake ɓatawa a shagon aski ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, kuma a wannan karon masu hangen na wani ko tudun mita goma ba za su iya leƙawa ba.

Sai Beijin. A gasar ɗaiɗaiku, ranar 5 ga Fabrairu, 2022, ta sake zuwa ta huɗu, bayan Urša Bogataj ta Slobeniya, Althaus, da Nika Križnar. Kwana biyu bayan haka aka yi gasar haɗaka, karo na farko a Olamfik, ƙasashe goma, kowace da mata biyu da maza biyu. Japan ta shigo da ƙarfinta, domin Ryoyu Kobayashi ya ci zinaren maza kwana ɗaya kafin nan. Sara ce ta buɗe musu da wancan tsalle na mita 103 da aka soke. Ba ita kaɗai ba ce. A wannan dare mata biyar aka kora saboda riga: ita, da Iraschko-Stolz, da Althaus, da 'yan Norway biyu, Anna Odine Strøm da Silje Opseth. Duk mata, duk daga manyan ƙasashen wasan, babu namiji ko ɗaya. Wasu daga cikinsu sun ce an auna su ta hanyar da ba a saba ba, jami'an FIS suka ce doka suka bi. Masu horar da Sara sun ce rigar ita ce dai ta sa kwana biyu da suka wuce, kuma mai yiwuwa tsananin sanyi da tsayin wurin ne suka rage mata jiki, cinya ta zabge, yadi ya yi sarari.

Da makin mutum uku kawai Japan ta kutsa zagaye na biyu da ƙyar, a matsayi na takwas. Sara, wadda aka gani a durƙushe tana kuka, ta sake hawa tudun ta yi mita 98.5. Ta dira, ta tsuguna a kan ƙanƙara, ta rufe fuska. Abokanta suka yi ta cike giɓi har suka kai na huɗu, tazarar da ke tsakaninsu da Kanada mai tagulla 'yan maki ne. Da an bar mata tsallen farko, da babu ko shakka sun hau mumbari. A ganina wancan tsalle na biyu ya fi duk wanda ta taɓa yi nauyi, domin wasan nan ba ya yafe wa mai rawar jiki. Kuskure kaɗan a bakin gangara kan kai mutum asibiti.

Washegari ta sa baƙin hoto, babu komai a cikinsa, a shafinta na Instagram, ta rubuta doguwar neman gafara. Ta ɗauki laifin duka a kanta, ta ce ita ta hana abokanta lambar yabo, ta kuma nuna tana tunanin makomarta a wasan. Na fahimci cewa a Japan neman gafara a bainar jama'a ɗabi'a ce mai daraja, kamar yadda mu ma muke ganin girman wanda ya ce a yafe masa. Amma in za a faɗi gaskiya, ba ita ta yanka yadin ba, ba ita ta ɗinka ba, kuma awon riga kafin gasa aiki ne na tawaga mai ma'aikata da albashi. Ba na cewa a jefar da dokar riga. Abin da ya faru a Trondheim a 2025, inda aka kama tawagar maza ta Norway da sake ɗinkin riguna a ɓoye, ya nuna dokar tana da dalili. Abin da nake cewa shi ne, idan tawaga ta yi caca a bakin iyaka cacar ta ɓaci, bai kamata wanda ya fi kowa ƙarancin iko a kan allura da zare ya zama shi ne zai fito ya sunkuyar da kai ba. Mu ma mun iya wannan: a zura wa mai tsaron gida bugun fanareti a raga, a ɗora masa laifi, a manta da waɗanda suka kasa biyan kuɗin sansanin horo. Alhamdu lillahi, a wannan karo dubban 'yan Japan sun amsa mata da cewa babu abin da za ta ba haƙuri a kansa.

Garin Kamikawa ya taɓa ganin irin wannan. Ɗansa ne Masahiko Harada, wanda a Lillehammer a 1994 ya hau tudu a tsallen ƙarshe na gasar ƙungiya, Japan tana gaba da tazara mai yawa, ya yi mita 97.5 kacal, zinare ya suɓuce zuwa Jamus. Ya sha zagi shekaru. A Nagano a 1998, a gida, ya yi mita 137 a zagaye na biyu, Japan ta ci zinare, aka mayar da shi gwarzo. Ana son ba da wannan labari saboda ƙarshensa mai daɗi, amma ni yana ɗan damuna. Harada na 1997, wanda ya ci zinare a gasar zakarun duniya, shi ne dai Harada na 1998. Da iska ta juya masa baya a Nagano, da har yau sunansa yana jerin waɗanda suka ba da kunya, alhali gwanintarsa ba ta ragu da ƙwayar zarra ba. Yafiyar da sai mutum ya kawo zinare ake yi masa ita, ciniki ce.

Sara ba ta ajiye allunanta ba. Ƙasa da wata guda bayan Beijin ta koma Kofin Duniya, ta ci gasa a Lillehammer, ta sake ci a Oslo bayan 'yan kwanaki. Nasara ta 62 da ta 63 ke nan. Daga nan sabbin jini suka karɓe fagen, irin su Nika Prevc ta Slobeniya, waɗanda suna ƙanana suke kallon Sara a talabijin. Ita kuma ta ci gaba da zagaya tudun duniya, wata rana ta goma, wata rana ta biyar, ba ta kai inda take da ba, ba ta kuma gudu ba. A tsawon waɗannan shekaru ta hau mumbarin Kofin Duniya fiye da sau 110, a nan ma ta wuce Janne Ahonen na Finland da ya riƙe kambun a maza. Wasan da ta shiga lokacin ana gardamar ko jikin mace zai iya ɗaukarsa, yanzu mata suna tsalle a babban tudu a gasar zakarun duniya tun 2021, inda ita kanta ta samu azurfa a karon farko da aka yi.

A Fabrairun 2026 Olamfik ta koma Italiya, aka yi tsallen a Predazzo, garin da ta ci zinaren haɗaka tana shekara 16. Tana shekara 29, karo na huɗu, ta sake shiga gasar haɗaka tare da Nozomi Maruyama, Ryoyu Kobayashi da Ren Nikaido. Rigarta ta wuce awo lafiya, Japan ta zo ta uku bayan Slobeniya da Norway. Kanun labarai suka ce ta wanke kanta, ta biya bashin Beijin. Na taya ta murna da tagullar, amma ban yarda da lissafin ba. Zinaren Olamfik dai ba ta da shi, na ɗaiɗaiku a gasar zakarun duniya ma ba ta da shi. Abin da take da shi nasara 63 ne da kofin kaka huɗu, da tsallen mita 98.5 da ta yi da hawaye a fuska, kuma babu wanda yake bin ta ko sisi.